Fenti Ba Ya Tare Tirela

Jama'ar Zangon Agege, akwai maganar da muka daɗe muna kau da kai daga gare ta, ita ce maganar masu hawa keke a titunanmu. Ba Keke Marwa muke nufi ba, keke mai ƙafa biyu, wanda mutum ke tuƙawa da ƙarfin cinyarsa. Duk wanda ke fita da sassafe ya ga yadda suka ƙaru: yaron shago da aka aika, mai kai abincin da aka saya ta waya da akwati a bayansa, magidancin da ke zuwa Abbatuwar Oko-Oba, ɗalibin da ke tafiya makaranta. Da yawansu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja maƙwabciyarmu, a watan Satumba kuma ta ƙara huɗu, har da Mushin da Oshodi-Isolo. Sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. An ƙwace babur, kuɗin danfo ya ninka, to me ya rage wa talaka? Keke. Shi ba ya shan mai, ba a kama shi. Amma fa mai shi yana tsakanin danfo da tifa da tirela, ba abin da ya raba shi da su sai addu'ar uwa.

Duk lokacin da aka ta da zancen, sai ka ji masu ilimin zamani suna cewa ai abin mai sauƙi ne, a shafa wa gefen titi launi kamar yadda ake yi a Turai, ja ko kore, a zana hoton keke, shi ke nan an gama. Mu muna cewa a'a, ba a gama ba. Launi yana da amfaninsa, ba mu musa ba. Yana nuna wa direba cewa nan wurin wani ne, musamman a mahaɗa, inda mota ke karya kwana ta yanke wa mai keke hanya. Amma launi tunatarwa ce kawai. Direban da ke tsere da ɗan'uwansa a kan fasinja ɗaya, yaushe ya ga ƙasa balle ya ga kalarta?

Ba sai mun je Turai neman hujja ba. Ku dubi hanyar motocin BRT da aka buɗe a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, da ta Oshodi zuwa Abule Egba da aka buɗe a 2020. Inda aka gina shingen kankare, hanyar tana nan ta masu ita. Inda aka ja layi kawai a kan kwalta, kowa shiga yake yi da zarar ya ga babu jami'in LASTMA a kusa. To idan layi bai kare babbar bas ta gwamnati ba, yaya za a yi ya kare yaro ɗan shekara 15 a kan keke?

Su kansu Turawan da ake ba mu misali da su sun sha wannan darasi. A 2010 birnin Landan ya shafa shuɗin fenti a wasu manyan tituna, aka ce hanyar keke ce. Mutane suka yarda suka hau, manyan motoci kuwa suka ci gaba da bi ta kan fentin. A watan Nuwamba 2013 masu keke shida suka mutu a birnin cikin mako biyu. Daga baya dole aka koma aka gina dakali tsakanin keke da mota. A ƙasar Holan, inda jar hanyar keke ta shahara, jan launin a cikin kwaltar ake kwaɓa shi, ba shafe ba ne da damina ɗaya za ta wanke. A manyan tituna hanyar keke daban take da ta mota, a cikin unguwa kuma ana tilasta wa mota tafiyar kilomita 30 a awa. Launi shi ne na ƙarshe, kamar lalle bayan an ɗaura aure. Mu kuma ana so a fara mana da lallen.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, fenti marar shinge yaudara ne. Yaron da a da yake raɓewa da tsoro zai ga launi ya saki jiki, ya ɗauka an ba shi hanya, alhali ba wanda ya faɗa wa tirela. A Legas ma muna ciki, inda ruwan sama ke kwanciya a titi, fentin da ba a gauraya da tsakuwa ba santsi yake yi, tayar keke ta zame. Gara a bar mutum da tsoronsa da a ba shi amanar ƙarya.

Wani zai ce keke abin ƙauye ne, wa zai ɓata kuɗin gwamnati a kansa? Haba! A 2001 ministan sufuri na tarayya, Ojo Maduekwe, ya rinƙa kiran 'yan Najeriya su hau keke, shi ma yana hawa zuwa aiki a Abuja, har wata bas ta ture shi cikin kwata. Aka yi ta dariya, aka bar zancen. Ba wanda ya tsaya ya ce: idan minista da muƙarrabansa bai tsira ba, ina ga mai kai saƙo? Shekara fiye da 20 ke nan, titin bai canja ba. An gina gadar sama ta Pen Cinema a 2021, jirgin ƙasa na Jan Layi ya fara tsayawa a tashar Agege a 2024, mun gode. Amma wanda zai zo tashar a kan keke, ta ina zai bi, a ina zai ajiye?

Yanzu bari mu juyo kanmu, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wallahi ko yau aka ware mana hanyar keke a Tsohon Titin Abeokuta, kafin Juma'a mun cika ta. Mai doya ya baza, mai shayi ya kafa benci, mai kura ya jingina, mai babur ya biyo ta baya-baya. Yaranmu suna hawa keke da dare ba fitila, ba birkin kirki, wani ma da abin jin waƙa a kunne. Idan muna neman hukuma ta mutunta ranmu, sai mu fara mutunta shi. Ƙungiyoyin kasuwa da ke iya tara kuɗin shara da na gadi duk mako, ba za su gaza hana mutum ɗaya shimfiɗa buhu a kan hanya ba.

Sai kuma masu cewa mu baƙi ne, mu yi shiru mu nemi abincinmu. Baƙi? Kakanninmu sun sauka a nan da fataucin goro da shanu fiye da shekara ɗari. A nan aka haife mu, a nan muke biyan haraji, a nan muke jefa ƙuri'a, a nan ake binne mu. A Holan ma ba gwamnati ce ta farka da kanta ba. A 1971 mota ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar, iyaye suka fito suka matsa lamba har aka sauya tituna. Hukumar LAMATA tana da manufa a rubuce game da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Takarda ce, kuma takarda ba ta tashi da kanta. Idan muka yi shiru, duk ranar da za a aiwatar, Ikoyi da Lekki za a fara, inda ake hawa keke don rage tumbi, a bar inda ake hawa don neman tuwo.

Don haka muna kira ga fadar Sarkin Hausawa, da limamanmu, da shugabannin kasuwa da na matasa, su haɗa takarda ɗaya su kai wa kansiloli da shugaban ƙaramar hukuma da 'yan majalisarmu na jiha. Abu huɗu za a nema. Hanyar keke mai shingen kankare a manyan titunan da suka nufi tashar jirgi da kasuwa. Tudun rage gudu a gaban makarantu da masallatai. Launi mai kauri marar santsi a mahaɗu, inda ba a iya sa shinge. Da fitilun titi masu aiki. Mu kuma a namu ɓangaren mu yi alkawarin ba za mu kasa kaya a kai ba, kuma duk mai gyaran keke a unguwar nan kada ya saki keke sai da birki da fitila.

Duk ɗan siyasar da ya zo mana da bokitin fenti da mai ɗaukar hoto, mu karɓe shi hannu biyu, mu ba shi ruwa, sannan mu tambaye shi: ranka ya daɗe, ina kankaren?

Allah Ya kare mana zuri'a, Ya kiyaye mu da mummunan tsautsayi. Amin.