A Karanta Hayaƙi Kafin A Kwance Inji

Duk wanda ya je tashar mota da asubahin hunturu ya san yadda tsohuwar babbar mota ke tashi: tari, karkarwa, sa'an nan hayaƙi ya turnuƙe wurin. Sau da yawa bakanike kan fara sauya kayayyaki bisa zato, mai mota kuma ya yi ta biya. Wannan asara ce, domin launin hayaƙin ya riga ya nuna inda ciwon yake.

Injin da Rudolf Diesel ya kammala a 1897 ba ya amfani da tartsatsin fulogi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500 na ma'aunin Salshiyos, sai man da aka fesa ya kama da kansa. Da sanyin safiya ƙarfen injin yakan shanye wannan zafi, shi ya sa aka sa wa injuna da dama hita.

Farin hayaƙi mai warin man dizal, wanda ke ɓacewa idan inji ya ɗumama, mai ne da bai ƙone ba. Nan sai a duba hita, da nozul, da ƙarfin matsin silinda. Idan kuwa farin ya ƙi ɗaukewa, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to, mai yiwuwa gasket ya ƙone. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke shiga wuta ta ringin da ya cinye ko robar bawul. Baƙin hayaƙi kuma alama ce ta mai ya fi iska yawa, kuma ƙurar hunturu da ta toshe matatar iska ita ce abin zargi na farko. Karkarwar inji yana tsaye takan fito daga iskar da ta shiga bututun mai, ko daga silinda guda da ba ta kamawa.

Saboda haka ya kamata a daina hura wuta a ƙarƙashin inji ko zuba fetur a hanyar iska. Dabarun nan suna ɓoye cutar, suna kuma jawo gobara.

Malaman kimiyya na da darasi a nan. Dokar da ke cewa iska takan yi zafi idan an matse ta tana aiki kowace safiya a cikin janareton makaranta. A fito da ɗalibai su tsaya nesa kaɗan, su dubi hayaƙin, su faɗi dalilinsa kafin a taɓa sifana.