Sharaɗin Da Ake Mantawa Kafin A Ja Layin Farko

Masu zanen gine-gine na zamanin da, waɗanda suka yi aiki da alƙalami da rula a kan faffaɗan tebur, ba su taɓa fargabar cewa taswirar da suka zana bana za ta ƙi karantuwa a hannun abokin aikinsu ba, domin duk mai ido da ilimin sana'ar yana iya shimfiɗa ta ya duba. Amma tun da aikin ya koma cikin kwamfuta, har aka kai ga tayar da siffar bene sukutum, da ginshiƙansa da bututun ruwansa da wayoyin lantarkinsa, a cikin fayil guda wanda mai zane da injiniyoyi ke tarayya a kansa, sai wata mas'ala ta ɓullo wadda, a ganina, ba a ba ta haƙƙinta ba.

Manhajar Revit, wadda ta fito a 2000, kamfanin Autodesk na Amurka kuma ya saye ta a 2002, tana samun sabon bugu kowace shekara, kuma al'amarin bugunan nan yakan tuna mini da babin nasihi da mansuhi: sabon bugu yana buɗe fayil ɗin tsoho, tsohon kuwa ba ya buɗe na sabo, sa'an nan da zarar an ɗaga fayil zuwa sabo aka adana, to, babu ƙofar komawa. Wanda ya saba da AutoCAD, inda ake iya adana zane a tsarin shekarun baya, shi ne ya fi saurin faɗawa wannan rami.

Na shaida haka da idona a wani ofishi a Kaduna, ana aikin ɗakin kwanan ɗalibai mai hawa uku. Wani matashin injiniya, haziƙi mai ladabi, ya sayi sabuwar kwamfuta, ya buɗe fayil ɗin tarayya da bugun da ya fi na kowa sabunta da shekara biyu, ya gyara ginshiƙai har dare, ya adana. Da gari ya waye babban mai zane ya danna, fayil ya ƙi buɗuwa, ga ɗan kwangila yana jiran ma'aunin rodi, ga kwafin ajiya na ƙarshe ya kwana tara. Yaron ya tsaya hannu a baya yana cewa, "Yallaɓai, wallahi ban san ba ya komawa ba." Ni kuwa ban ga laifinsa ba, tun da babu wanda ya taɓa rubuta masa bugun da za a tsaya a kai.

Mai karatu zai ce, to, kowa ya koma sabon bugu mana. Faɗin haka da sauƙi, amma sabon bugu yakan buƙaci na'ura mai ƙarfi, ƙananan manhajojin da aka jingina masa su ma sai an sabunta su, kuma tun 2016 kamfanin ya daina sayar da lasisin dindindin, sai haya, wadda nauyinta ke bin farashin dala. Ko manyan ofisoshin Ingila, irin su Zaha Hadid Architects da Grimshaw, sai da suka rubuta wa Autodesk buɗaɗɗiyar wasiƙa a Yulin 2020 suna kukan tsada da jinkirin inganta manhajar, balle ofishin mutum huɗu a Zariya.

Fuƙaha'u sun shar'anta cewa ciniki ba ya inganta sai an san ma'auni, kuma duk wanda ya taɓa sayen gero ya san mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba, shi ya sa ake ambata shi kafin a fara awo. Bugun manhaja shi ne mudun wannan mu'amala. Turawan Ingila, da suka wajabta irin wannan tsarin aiki a kwangilolin gwamnatinsu ta tsakiya daga 2016, da ƙa'idar ISO 19650 ta 2018, duk sun dogara ne ga takardar shiri da ake amincewa da ita tun farko, inda ake fayyace yadda za a yi musayar fayiloli. Ra'ayina shi ne ARCON da COREN, hukumomin da ke kula da sana'ar masu zanen gine-gine da ta injiniyoyi a Najeriya, su kwaɗaitar da 'ya'yansu ga irin wannan, a rubuta sunan manhaja da shekarar bugu a cikin yarjejeniya, kuma idan larura ta sa a ɗaga, a yi shi da ittifaƙin kowa, rana guda, bayan an gwada a kan kwafi.

Saura haƙƙin mai gini, wanda benensa zai yi shekara hamsin a tsaye alhali manhajar ta sake kama sau da dama. Ya kamata ranar miƙa makullai a haɗa masa da kwafi a tsarin IFC, buɗaɗɗen tsarin da ƙungiyar buildingSMART ke kula da shi, wanda ya zama ƙa'idar ISO 16739 a 2013. Na sani gyara a cikinsa da wuya, wasu bayanai kuma sukan zube a hanya, amma manhajoji dabam-dabam na karanta shi, kuma injiniyan da za a kira nan gaba neman bututun da ya fashe cikin bango zai sami abin dubawa.