Mu je mu ga tsibirin Lete

Yara, a nan ƙasar Ƙonni, da Malbaza, da Illela, mun san tudu, mun san fadamar Majiya, mun san gonakin albasa na Galmi. Amma da yawa cikinmu ba su taɓa ganin tsibiri ba. Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Wasu suna ce mata gungu. Nijar tana da tsibirai cikin kogin Kwara. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Lete, a jihar Doso, kusa da Gaya. A ganina, ya kamata kowane ɗan lakkol ya sa ransa ga zuwa can, ko sau ɗaya.

Hanyar tana da tsawo. Daga Ƙonni sai a bi kwalta yamma, a wuce Dogon Dutsi, a isa Doso. Daga Doso a yi kudu zuwa Gaya. Daga nan sai a gangara bakin kogi, a shiga kwale-kwale. Tsawon tsibirin ya kai kilomita 16, faɗinsa wajen kilomita 4. Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu dutsen da zai tare iska. Da hunturu, iska takan kaɗa ruwa, sanyi ya shiga jiki. Filani makiyaya suna kiwon shanu a can, ana noma, ana kuma kamun kifi.

Wani zai ce: «Mene ne amfanin wannan wahala? Babu babbar kasuwa, babu gidan sama, sai ruwa da iska da shanu.» Gaskiya ne. Amma abin da za a koya a Lete ya fi abin kallo.

Nijar da Dahome, wadda ake kira Benin tun 1975, sun daɗe suna jayayya a kan wannan tsibiri. Kowace ta ce nata ne. A ƙarshen 1963 rigimar ta yi zafi ƙwarai, har aka ji tsoron yaƙi. Shekaru suka wuce, maganar ba ta mutu ba. A 2001 ƙasashen biyu suka yarda su kai ƙara Kotun Duniya, a birnin Lahai na ƙasar Holan. Alƙalai suka duba tsofaffin takardu, suka nemi inda kogin ya fi zurfi, wato hanyar da jirage suke bi. Suka ce nan ne iyaka. Ranar 12 ga Yuli 2005 aka yanke hukunci: cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16, har da Lete, Benin ta samu 9. Kowa ya karɓa.

Ku tuna da garuruwanku. Sau nawa kuka ji faɗa a kan iyakar gona, ko a kan burtali, tsakanin manomi da makiyayi? Wani lokaci har a zubar da jini saboda taki goma na ƙasa. Yaron da ya tsaya a Lete, ya hangi gaɓar Benin da idonsa, zai gane cewa ƙasashe biyu masu soja sun ajiye bindiga, sun saurari alƙali. Gani ya kori ji.

Amma tafiya tana da ƙa'ida. Lete bakin iyaka take, saboda haka ba a zuwa sai malamai sun tambayi hukuma ko hanya lafiya, sun kuma sami izinin iyaye. In iska ta taso, ba a shiga ruwa. A bi maganar mai jirgi. In an sauka, a fara gaida maigari. Kada a taka shuka, kada a kori dabbobi, kada a yi wa kowa dariya don harshensa dabam ne. Iskar da ku za ku sha kwana ɗaya, su da ita suke zaune kullum.

In kuɗin mota bai samu ba bana, ku buɗe taswira, ku bi hanyar da yatsa, ku riƙe sunayen garuruwan. Ranar tafiya tana zuwa.