Majimfa da Makyarkyata: Binciken da Ya Dace da Garwa

Masunta a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin majimfa, tsiron nan da ake daka ganyensa a zuba a ruwa, kifi ya taso sama a galabaice. Dafin da ke cikinsa dangin sinadarin rotinon ne, wanda ke toshe aikin mitokondiriya, wato murhun da kowace ƙwayar halitta ke samun ƙarfinta daga gare shi. A shekarar 2000, masu bincike a Jami'ar Emory ta Amurka suka riƙa ɗura wa ɓeraye rotinon kaɗan-kaɗan. Sai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin suka soma mutuwa, furotin da ake kira alfa-sinukilin ya dunƙule a cikinsu, jikin ɓerayen ya sandare, motsi ya yi musu nauyi. Siffar cutar Parkinson ke nan, wadda mukan kira makyarkyata, ko mu ce tsufa ne kawai mu wuce.

To, a dubi Lagdo. Tun da aka kammala madatsar ruwanta a kan Binuwai a 1982, tafkin ya tara masunta daga wurare da dama, har da Hausawa. Kewaye da shi gonakin auduga ne da masara da shinkafa, inda feshin maganin ciyawa da na ƙwari ya zama aikin kowace damina, galibi ba safar hannu ba takunkumi. Faransa kuwa tun 2012 ta amince cewa Parkinson cutar sana'a ce ga manomin da ya daɗe yana feshi.

A ganina, wannan bincike bai kamata a bar wa ɗakunan gwajin Turai ba. A 2023, nazarin da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gadon GBA1 mai ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka, sauyin da da wuya a same shi a jinin Bature. Da ba a ɗebi jinin 'yan Najeriya ba, da har yau yana ɓoye.

Jami'ar Garwa, da aka kafa a 2022, tana da tsangayar koyon likitanci. Matakin farko ba ya buƙatar manyan na'urori: rajistar masu makyarkyata a asibitocin yankin, tambayar irin sana'arsu da shekarun da suka yi suna feshi, sai adana jininsu da yardarsu a firji mai tsananin sanyi. Firjin nan yana son wutar da ba ta yankewa, ga kuma injinan lantarkin Lagdo a bakin tafkin.