Aikin Gidan Waya: Ga Zaƙi, Ga Harbi

A unguwar Ajiya ta cikin Jimeta, kamar sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, samari masu takardar shaidar karatu sun fi guraben aiki yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka duk sa'ad da aka ji ƙishin-ƙishin ɗaukar ma'aikata a wata ma'aikatar Gwamnatin Tarayya, sai ka ga an yi caa. Amma in aka ce gidan waya ne, sai gida ya rabu biyu. Tsoho ya ce wa ɗansa ya hanzarta, domin aikin mutunci ne. Yaro kuwa ya dubi wayar da ke hannunsa, ya ce yau wa ke rubuta wasiƙa?

To, kowannensu yana da hujja, sai dai ba gidan waya ɗaya suke magana a kai ba.

Wanda tsoho ya sani shi ne na zamanin P&T, wato Ma'aikatar Wasiƙu da Wayoyi, wadda ta haɗa wasiƙa da talgiram da tarho a ƙarƙashin rufi guda. Daga wayar nan ta talgiram ne ma Hausawa suka raɗa wa wurin suna. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, Yola ta zama hedkwata, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa Jimeta daga kowace kusurwa, kowa kuwa ya baro iyaye da dangi a gida. Gidan waya shi ne igiyar da ta ɗaure su da mutanensu. Ta nan ɗa zai aika wa uwarsa kuɗin cefane a Michika ko Ganye, ta nan ɗalibi zai sami takardar shiga jami'a bayan an kafa JAMB a 1978, ta nan kuma ake aika katin gaisuwa zuwa filin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, ko tambaya zuwa Sashen Hausa na BBC a London. A ƙofar gidan ga masu rubuta wa jama'a wasiƙa sun baje teburansu. Akawun da ke bayan kanta, mai sayar da kan sarki yana buga hatimi, babu wanda bai san shi ba a gari. In ya je neman aure ba a dogon bincike.

Wannan gidan ya fara canzawa tun 1985, lokacin da aka raba P&T: ɓangaren tarho ya shiga NITEL, na wasiƙu ya zama NIPOST. Sa'an nan wayar salula ta iso a 2001, bankuna suka ɗauke aikin tura kuɗi, intanet ta ɗauke na takardu. Wasiƙar zumunci, wadda ita ce ruhin sana'ar, ta kwanta dama.

Duk da haka, ba a ce babu abin da ya rage ba. Aikin Gwamnatin Tarayya ne, albashi na zuwa ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba, ga hutun shekara, ga matakan ƙarin girma, ga fensho. Wanda ya ga yadda mai tuƙa keken haya yake kwana da zullumin kuɗin da zai kai wa mai keke, ba zai raina wannan ba. Kuma saye da sayarwa ta intanet ya jawo wani sabon ciniki: atamfa da turare da magani da takardun makaranta duk sai an ɗauke su daga hannu zuwa hannu, domin har yanzu ba a ƙago wayar da za ta tura turmin zane daga Kano zuwa Mubi ba. Nijeriya kuwa tana cikin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874, saboda haka ƙunshin da aka sa a Jimeta yana da hanyar da zai bi har Jidda ko Khartum.

Akwai kuma wata riba da ba a rubuta ta a takardar albashi. A garin da yawancin gidaje ba su da lamba, inda adireshi yake zama "bayan masallaci, kusa da mai niƙa", mai raba wasiƙa yakan haddace gari lungu-lungu, daga Ajiya zuwa Limawa, daga Luggere zuwa Doubeli. Ya san wanda ya tashi, ya san wanda ya rasu, ya san gidan da za a yi sallama a jira a zaure. Wannan sani jari ne, kamfanonin kai saƙo ma shi suke nema ido rufe.

Harbin fa? Na farko dai ƙarancin albashi. An mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024, amma mai iyali ya san kwana nawa wannan zai yi a kasuwar Jimeta. Ga zafin Yola na watan Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40, mai jaka a kafaɗa kuwa ba shi da inuwa. Da damina Binuwai ta cika ta yi ambaliya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, hanyoyi su yanke. Ma'aikacin Tarayya kuma ba shi da gari, duk inda aka tura shi sai ya tafi. A zamanin Gongola ana iya ɗaga mutum daga Jimeta a kai shi Gembu, can bisa tsaunin Mambila. Waɗanda suke aiki a Mubi a watan Oktoba na 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka shiga garin, sun san cewa tambarin gwamnati a jikin gini ba kullum yake zama kariya ba.

Amma abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne amana. Wasiƙar rajista tana da lamba, kowane hannu da ta bi sai ya sa hannu a littafi, in ta ɓace a kan wanda ya karɓa daga ƙarshe za a sauke. Dukiyar mutane ce take wucewa ta gaban wanda aljihunsa ya bushe tun tsakiyar wata. In ɓata-gari ɗaya ya farke ambulan, wake ɗaya ya ɓata gari, sauran duka sun shiga bakin duniya. Wani lokaci kuma a cusa ƙwaya a cikin ƙunshi, akawun da ya karɓa bai ji ba bai gani ba, sai ga shi yana amsa tambayoyin jami'an NDLEA.

Batun fensho ma sai a yi hattara. Tun dokar 2004 ma'aikaci da gwamnati ne suke tara kuɗin tare a asusu mai sunansa, abin da aka tara shi zai ci, ba kamar da ba. Tsofaffin ma'aikatan gidan waya da suka yi ritaya a tsohon tsari kuwa sun sha jeka-ka-dawo kafin haƙƙinsu ya fito. Ita kanta hukumar ta yi ja-in-ja da hukumar tara haraji ta Tarayya a 2020 a kan wa ke da ikon karɓar harajin kan sarki, alamar cewa rijiyar da take sha ba ta da ruwa kamar da.

Saboda haka saurayin Ajiya da zai shiga don ya gaji kujerar akawun nan da tsohonsa yake ba shi labari, ya makara da shekaru masu yawa. Wanda zai shiga da sanin kwamfuta, da ƙafar yawo, da hannun da ba ya rawa in ya taɓa kayan wani, shi aikin zai karɓa, domin a ɓangaren ƙunshi da EMS ne ciniki ya koma, can kuma DHL da direbobin tashar mota suna jiran sa, su kuwa direbobi kafin gari ya waye sun sauke saƙo a Kano.