Masai Ba Murfi, Masaukin Kyankyaso

A shekarar 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da yin bahaya a fili. Wannan abin alfahari ne ga mutanen Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, waɗanda suka haƙa masai a gidajensu da guminsu. Sai dai aikin bai ƙare da haƙa rami ba. Masai da aka bar bakinsa a buɗe yana da duhu da ɗumi da laima, abubuwa uku da kyankyaso ke nema. Da dare ya yi sai ya fito daga ramin, ya bi ta kan faifai da kwano da ragowar tuwo, yana ɗauke da ƙazanta a ƙafafunsa. Ta haka abin da muka binne yake komowa cikin abincinmu.

Kyankyasai iri biyu ne suka fi addabar gidaje. Akwai babba, ja-ja, mai tsawon kusan santimita 4, wanda Turawa ke danganta shi da Amurka alhali asalinsa Afirka ne. Shi ne ɗan masai da magudanar ruwa. Akwai kuma ƙarami, mai launin ƙasa-ƙasa da zane biyu baƙaƙe a bayan kai, wanda ke zama a madafa, cikin kabad da bayan firji. Ƙaramin ya fi wuyar kawarwa, domin macen tana yawo da jakar ƙwai mai ɗauke da 30 zuwa 40 har ta kusa ƙyanƙyashewa, yayin da jakar babban ba ta cika wuce 16 ba.

Tun da halittar dare ce, ganinsa da rana tsaka alama ce cewa maɓoyarsa ta cika ta batse. Sauran alamun su ne kashinsa mai kama da niƙaƙƙen masoro a kusurwar kabad, busassun jakunkunan ƙwai, saɓarsa, da wani wari mai nauyi da ke kama kwanuka da tufafi.

Illarsa ta wuce ƙyama. Yana kwasar ƙwayoyin cutar da ke haddasa gudawa da atini daga masai zuwa abinci. Kashinsa da saɓarsa kuma, idan suka bushe suka gauraya da ƙurar ɗaki, suna tayar da ciwon asma, musamman ga yara. Uwar da ɗanta ke yawan tari da numfashi sama-sama cikin dare ta duba ƙarƙashin gado da bayan akwatuna.

A nan ne da yawa daga cikinmu ke gudun gara su faɗa gidan zago. Magidanci zai ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya sayo otapiyapiya a kwalbar da ba ta da suna, ya yayyafa a ɗaki, ya rufe ƙofa, yara su shiga su kwanta. Sinadarin da ake haɗa ta da shi guba ce da aka yi domin gona, mai shiga jiki ta numfashi da fata. Haɗarinsa ne ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da manyan kantuna. Mafi muni kuma shi ne ajiye ƙwayar adana hatsi a ɗakin kwana: iskar da take fitarwa tana kisa. Bayan duk wannan kasada, feshi bai cika ratsa jakar ƙwai ba, don haka bayan 'yan makonni sababbi su fito.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yi wa bakin masai murfi mai zama daram, a zuba toka bayan amfani, a sa raga a bakin bututun iska idan akwai shi. A liƙe tsagar bango da ta daɓe. Kada kwanuka su kwana da dauɗa. A rufe randa da tulu, domin kyankyaso yana iya yin kusan wata guda babu abinci, amma ba ya wuce kamar mako guda babu ruwa. Buhunan gero, wake da riɗi a ɗora su kan katako, nesa da bango, a kuma fitar da tsofaffin kwalaye. Idan sai an yi magani, a nemi mai rajistar NAFDAC, zai fi kyau irin na tarko da ake ɗigawa a lungu, inda hannun yaro da bakin kaza ba za su kai ba.

Kyankyaso bai san katanga ba; gidan da ya tsabtace zai karɓi baƙi daga gidan da bai yi ba. Saboda haka aikin na unguwa ne. Ya kamata dagatai da masu unguwanni su tsayar da rana ɗaya ta gyaran masai da magudanai, ƙananan hukumomin huɗu na masarautar Gumel kuma su ba duba-gari abin hawa da kayan aiki su shiga gida-gida. Murfin masai bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.