Bala Miller Ya Nuna Hanya, Saura 'Yan Potiskum

Ƙungiyar makaɗan nan ta Amurka, Eagles, wadda aka kafa a 1971, ta yi suna ne don ta gauraya waƙar ƙauye da jita mai lantarki. Arewa ma an taɓa yin irin wannan. Marigayi Bala Miller, ɗan asalin Zariya, a Ikko ya yi karatu, a can kuma ya goge a kiɗan zamani tare da su Victor Olaiya. Amma da ya tashi kafa ƙungiyarsa ta Pyramids a 1977, sai ya komo Kaduna, ya tara samari ya horar da su, suna waƙa da Hausa bisa kayan kiɗan Bature. Waƙarsu "Ikon Allah" ta zaga ƙasa.

To, Potiskum fa? Ngizim da Karekare da Bolewa kowa na da waƙoƙinsa na noma da na biki, ga samari masu murya, sai dai kayan kiɗa da tsada. Ya kamata fataken shanu da direbobin garin mazauna Kudu su haɗa kuɗi su saya musu. In tsofaffin makaɗa suka ƙare ba magada, waƙoƙin sun tafi ke nan.